Tallafin kare fadamar Hadejia da Nguru: tambayoyin da ƙungiyoyin ƙauye suka fi yi

Duk sanda aka ji labarin an buɗe wani tallafi na kare muhalli sai tambayoyi su yi ta zuwa, daga masunta, manoman rani, mata masu saƙar kaba da matasan da suka kafa ƙungiya ba su san inda za su dosa ba, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Ga su nan mun haɗa wuri guda. In ka ga an ce duba wata amsa to ka daure ka duba ɗin, don abubuwan a sarƙe suke.

Wai shi tallafin nan kyauta ne ko bashi?

Kyauta ne, ba a biyan sa, ba ruwa a kai. Amma kyauta ce mai igiya, an ba ku ne don ku yi wani aiki takamaimai da kuka rubuta da hannunku kuka sa hannu, kuma duk naira sai an nuna inda ta shiga. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. In aka ba ku kuɗin buɗe hanyar ruwa kuka je kuka raba wa mambobi jari, ko kuka gyara masallaci da su, duk da alheri ne kuka yi, a wurin masu bayarwa kun saɓa yarjejeniya, za su tsayar da ragowar kuɗin kuma suna iya cewa a maido.

Kada a haɗa shi da asusun juyawa irin wanda ake ba ƙungiyoyin manoma a wasu shirye-shiryen gwamnati, shi wannan ana mayarwa ne don wasu su ma su samu. Ku tambaya tun ranar farko wanne ne a ciki.

Ƙauyenmu yana cikin yankin da ake magana ko kuwa?

Fadamar ta faro ne daga inda kogin Hadejia da na Jama'are suka bazu suka rarrabu kafin su haɗe su zama kogin Yobe, ta taɓa Jigawa da Yobe da wani gefe na Bauchi. In kana wajajen Hadejia, Kirikasamma, Guri, Birniwa, Nguru, Karasuwa, Bade ko Jakusko to maganar ta shafe ka.

A cikinta kuma akwai wuraren da doka ta keɓe. Tafkin Nguru da mashigin Marma shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, a 2000, faɗinsa hekta 58,100. Baturiya da tafkin Dagona sun shiga jerin a 2008. Dagona dama tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, Baturiya kuma tana cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta amince a mayar gandun dajin ƙasa a 2020, kuma a 2020 ɗin ce UNESCO ta sa yankin Hadejia, Nguru da Bade a jerin wuraren da take so a ga mutane da halittu suna zaune tare ba a kori kowa ba. Waɗannan sunaye da shekaru ku rubuta su a takardar nemanku, suna da nauyi sosai a idon mai dubawa.

Su mutanen waje meye nasu a ciki da har za su ba da kuɗi?

Tsuntsaye, da farko dai. Da yawa daga cikin agwagwin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da muke gani da sanyi a Turai suke ƙyanƙyasa, su ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan, in fadamar ta mutu su ma can sun yi asara. Shi ya sa tun 1987 aka kafa shirin kare fadamar a Nguru da hannun ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila RSPB da gidauniyar kare halittu ta gida NCF, shi ya sa kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu. Bayan tsuntsu akwai ruwan ƙasa, ambaliyar damina ce ke cika rijiyoyin da ke nesa da kogin, sannan fadamar ita ce ke tare hamada a wannan gefen.

To mu kuma namu kifi ne da shinkafa da kiwo. Takardar da ke cin nasara ita ce wadda ta nuna inda buƙatarmu da tasu suka haɗu.

Su waye ke bayarwa?

Wanda ya fi dacewa da ƙungiyar ƙauye shi ne shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke riƙe da shi. An fara shi a duniya a 1992, a Najeriya a 2009, kuma ba ya ba gwamnati ko kamfani, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu da na al'umma. Wani kwamiti na ƙasa ne ke zaɓen waɗanda za a ba, akasarin mambobinsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne.

Akwai ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja, amma shi ta ofishin jiha ake bi, salonsa na gwamnati ne. Akwai kuma gidauniyoyi irin su Rufford da suka fi ba mutum ɗaya mai bincike, kamar ɗalibin da ke digiri na biyu kan tsuntsaye ko kifi. Wani lokacin kuma babbar ƙungiya irin NCF ce za ta karɓo kuɗi ta yi aiki da ku a ƙasa, wannan ma hanya ce mai kyau ga sabuwar ƙungiya, ku koyi aiki a inuwar wasu tukuna.

Nawa ake bayarwa?

A shirin GEF ɗin da can an daɗe iyakar tallafi na yau da kullum tana dala 50,000, amma galibi abin da aka riƙa bayarwa bai kai haka ba, wajen rabin wannan ne, iyakar yanzu kuma ku duba ta a sanarwar. Aikin kuma shekara ɗaya zuwa biyu. Shawarata kada sabuwar ƙungiya ta nemi iyakar, ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe miliyan ɗaya ba ta zo tana neman dala dubu hamsin cif, mai dubawa zai yi murmushi ne kawai ya ajiye takardar. Ku lissafa aikin tukuna, abin da ya kama shi za ku nema.

Ni kaɗai zan iya nema? Ina da kishin abin wallahi.

In ba tallafin bincike ba ne (duba amsar su waye ke bayarwa), a'a, sai ƙungiya mai rajista da asusun banki da sunanta. Rajistar kuma hawa-hawa ce, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta jiha ta ƙungiyoyin gama kai ko na ci gaban al'umma, akwai ta CAC wadda ita ce mai ƙarfi. Ta CAC tana buƙatar amintattu da kundin tsarin ƙungiya da buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC, ita rajistar SCUML ɗin kyauta ce duk wanda ya ce ka biya kuɗin hukuma kuɗin aljihunsa yake nema. Kowace sanarwar tallafi tana faɗar irin rajistar da take karɓa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne sai an buɗe tallafi sannan a fara gudun rajista, kafin takarda ta fito an rufe. Ku yi ta tun yanzu da ba a buɗe komai ba. Kuma don Allah kada shugaba da ma'aji da sakatare su zama wa da ƙane da suruki.

Wane irin aiki ne ake karɓa?

Wanda zai gyara wani abu a ƙasa ko a ruwa da za a iya zuwa a gani da ido, kuma mutanen wurin su samu abin sawa a baki daga gyaran. Buɗe mashigin da ya toshe, keɓe wani tafki a hana kamun kifi a cikinsa lokacin da kifi ke ƙwai, sauya raga mai ƙananan ido da mai manya, murhu mai rage cin itace ga mata masu bandar kifi, kiwon zuma a dajin giyayya da bagaruwa, raya goriba don masu kaba, shata burtali da mashaya, kulab ɗin 'yan makaranta masu lura da tsuntsaye.

Wanda ba ya wucewa kuma shi ne takardar da daga farko har ƙarshe taro ne da wayar da kai, an kama otal a Dutse ko Damaturu, an buga riguna da hula, an ci shinkafa an watse. Wayar da kai tana da wurinta amma a jikin wani aiki. Haka sayen mota, gina ofis, ko injin ban ruwa zalla ba tare da an nuna abin da fadama za ta ƙaru da shi ba.

Mu kachala ce damuwarmu, doguwar ciyawar nan da ke toshe mana ruwa. Za a ba mu kuɗi mu yanke ta?

Ana bayarwa, amma a nan ne aka fi zubar da kuɗi a ruwa, don haka bari in ɗan tsaya. Da can kogin yana cika da damina ya ja baya da rani har wasu mashigai su bushe ƙaf, wannan bushewar ce ke hana kachala sakewa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ba ya da ƙarfin wanke yashi da laka kuma ba ya ɗaukewa, to abin da kachala ke so kenan. Ta toshe tsohon kogin Hadejia da kogin Burum Gana, ruwa ya karkata Marma ya je ya cinye gonaki ta wajen Nguru, waɗanda ke ɗaya gefen kuma suna kukan ba ruwa. Ga tsuntsun nan jan baki da ke kwana a cikinta ya fito da safe ya sauka a kan shinkafa da gero, ga sauro.

Wanda ya taɓa shiga yankanta ya san aikin, kana tsaye ruwa iya ƙirji da lauje ko adda, laka na riƙe ƙafa, ganyen na yankar hannu, matsattsaku na manne maka a ƙwauri. In aka yanke ta sama da ruwa, ko aka banka mata wuta, bayan 'yan makonni ta dawo kore shar kamar an zuba mata taki. Sai an yanke ta ƙasa da ruwa yadda kututturen zai nutse, don ta cikin karan take shaƙar iska zuwa saiwa, kuma a maimaita in ta sake tofowa, a kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu kada ya ruɓe a wurin ya ƙara toshewa.

Saboda haka mai dubawa zai nemi amsar abu uku a takardarku. Wa zai ci gaba da yanka bayan kuɗi sun ƙare, gayya ce duk wata ko kowace unguwa da nata yankin? Me za a yi da wadda aka yanke? A Senegal da Muritaniya ana yin gawayi da ita, jami'ar tarayya ta Gashuwa ma ta yi bincike kan mayar da ita abincin dabbobi da gas na girki, ko ba komai akwai tabarma da asabari da jinka. Na uku, in kun buɗe mashiginku ruwan ina zai tafi? Ƙauyen da ke ƙasa da ku ya sani? An sha yin rigima a kan wannan, wani ya buɗe wani ya toshe da buhunan yashi cikin dare. Duba amsar makiyaya da maƙwabta.

Dashen itatuwa fa? Shi ne muka ga ya fi sauƙi.

Dasawa ce mai sauƙi. Rayuwar itacen a watan Maris da Afrilu, ga akuya ga rana, ita ce aikin. Kada ku rubuta za ku dasa dubu kaza, ku rubuta nawa za su kai shekara biyu da rai, wa ke ban ruwa, da me za a kange. Ku fi karkata ga na gida, gawo, tsamiya, kanya, aduwa, kuka, giyayya a inda ruwa ke kwanciya, maimakon darbejiya da turare ko'ina. Sau da yawa ma barin kututturen da ke tofowa a gona a yi masa sassabe ya tashi, irin yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi, ya fi sayen dashe arha kuma ya fi rayuwa.

Sai mun nemi izini? Ai ƙasar kakanninmu ce.

Sai kun nema. In aikin zai shiga cikin Dagona ko Baturiya ko wani gandun daji, hukumar da ke riƙe da wurin ce za ta ba ku takarda a rubuce, in a wajen iyaka ne kuma ma'aikatar muhalli ta jiha da ƙaramar hukuma su san da ku. Sannan gida, bulama ko mai unguwa, lawani ko dagaci, har zuwa hakimi, in maganar ruwa ce kuma sarkin ruwa. Ku je da kanku ku zauna a ƙasa ku yi bayani, ranka ya daɗe ga abin da muke so mu nema, ga iyakar kuɗin, ga abin da ba a yarda a yi da su ba. Wannan na ƙarshen ku faɗe shi tun kuɗi ba su zo ba, ya fi daɗin faɗa a lokacin.

Filin da za a yi aiki a kai ma a rubuta, wa ya bayar, na shekara nawa, shaidu su sa hannu.

Dole ne sai mun sa makiyaya da ƙauyukan maƙwabta? Mu masunta ne zalla.

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan. Tafki ɗaya ne, da damina na masunta ne, ruwa na ja baya manomi ya bi shi da shuka, da rani Bafulatani ya sauko da shanu neman burugu da ruwa, mata na tsinkar bado, wani na ɗibar kanwa. Kun killace bakin tafki kun dasa itace ba ku san nan ne mashaya ba, ko kun sani kun yi shiru, ranar da garke ya iso waya ba za ta tsayar da shi ba, kuma daga nan sai ofishin 'yan sanda. Kun hana dumba, wato datse ruwa da tarkunan kifi da ake kira gura, a mashiginku amma na sama da ku sun datse nasu daga gaɓa zuwa gaɓa, kifin da kuke karewa ba zai ma iso ba.

Ku kira arɗo tun ana tsara aikin, ya zo da bakinsa, a sa wakilinsu a kwamiti, haka mata, ba sunan matar shugaba kawai a takarda ba. A rubuta abin da aka amince, wata kaza ba a su a tafki kaza, shanu za su bi ta nan su sha a can, wanda ya karya ga hukuncinsa a gaban dagaci. Takardar zaman nan mai ɗauke da sa hannu da dangwalen yatsa ku liƙa ta a bayan takardar nema. Turanci mai kyau kowa na iya saya, wannan kuwa ba a sayen ta, kuma masu dubawa sun san haka.

An ce sai mun kawo namu kason. Mu da ba mu da kuɗi?

Ba lallai tsabar kuɗi ba. Ranakun gayya, kwale-kwalen da mamba ya ba da aro, filin da gari ya bayar, ɗakin taro, taki, duk ana ƙiyasta su da kuɗi a rubuta a matsayin gudummawar gari. Sai dai a riƙa rubutawa ranar da aka yi, littafi guda, kwanan wata, sunayen waɗanda suka fito, awa nawa. In aka bari sai ranar rahoto za a zauna a ƙirƙira, rubutun biro ɗaya da hannu ɗaya yana tona kansa.

Ba mu iya Turanci sosai ba, wa zai rubuta mana?

Ku fara zama ku tsara shi da Hausa, ko da Badanci ko Barbarci in shi kuka fi sakewa, meye matsalar, tun yaushe, me za mu yi, wa zai yi, nawa zai ci, ta yaya za a gane an yi. Sannan ku nemi mai juyawa, malamin makaranta, ɗan garinku da ke jami'ar Gashuwa ko Dutse ko Kafin Hausa, ma'aikacin gona. Ya karanta muku abin da ya rubuta ya fassara layi-layi kafin ku sa hannu.

Ku yi hattara da masu cewa za su rubuta a ba su kaso in kuɗi sun fito. Babu layin da za ku sa wannan kason a kasafi, ƙarshenta sai an yi risit na ƙarya don a rufe ramin. Kuma irin waɗannan takarda ɗaya suke sauya wa sunan gari, za ka ga an rubuta wa ƙauyen da ke tsakiyar ruwa maganar zaizayar dutse.

In an amince, kuɗin gaba ɗaya za su shigo? Akwai albashi a ciki?

Kashi-kashi suke zuwa. A ba ku na farko, ku yi aiki ku kawo rahoto da risitai da hotuna, wani lokacin a turo mutum ya zo ya gani, sannan a saki na biyu. Asusun ya zama sai mutum biyu sun sa hannu. Inda ba a ba da risit, kamar mai kwale-kwale ko mai kura, ku yi takardar biya ya sa hannu ko ya dangwala da lambar wayarsa. Hoto kuma a ɗauka daga wuri ɗaya kafin aiki da bayan aiki, a samu wata bishiya ko gada da za ta fito a duka biyun.

Albashi irin na gwamnati babu. Ana yarda da ɗan alawus ga wanda ke tafiyar da aikin da mai riƙe lissafi in an rubuta a kasafi tun farko, da kuɗin mota da abincin ranar gayya. In rabin kasafin alawus ne ba za ta wuce ba.

Da dala aka rubuta, farashi kuma kullum tashi yake. Ya za mu yi?

Yawanci da naira za su shigo asusunku bisa canjin lokacin da aka tura. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda lissafin wata shida ke zama tarihi, don haka kayan da ba sa lalacewa, waya, raga, kayan aiki, ku saye su da kashin farko. In dole sai an ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, ku rubuta ku nemi izini kafin ku taɓa, ko saƙon imel ne, ku ajiye amsar.

Wani ya turo mana fom a WhatsApp ya ce mu biya kuɗin rajista. Gaskiya ne?

Damfara ce. Ba a sayar da fom ɗin waɗannan tallafin, ba a biyan kuɗin tantancewa, ba wanda zai nemi lambar BVN ɗinka ko lambar sirrin katinka. Sanarwar gaskiya tana fitowa a shafin hukumar da kanta, da ranar rufewa da adireshin ofis.

Ambaliya ta cinye aikin da muka yi. Za a ce mu biya?

In kun sanar da wuri da hujja, ba a cewa a biya abin da ruwa ya ci, sau da yawa ma ana ƙara wa'adi. Ɓoyewa ce ke jawo matsala. Amma wanda ya ga 2020 da 2022 a wannan yankin bai kamata ya kafa gandun renon dashe a kwari ba, kuma a jadawalin aiki kada a sa wani abu mai nauyi a Agusta da Satumba, lokacin wasu ƙauyukan sai da jirgi ake shiga, mutane kuma suna gona.

An ƙi mu. Mu sake nema?

Ku sake. Ku rubuta cikin ladabi ku tambayi dalili, wasu suna amsawa. Kafin zagaye na gaba ku yi wani ƙaramin abu da ƙarfinku, ko mashigi ɗaya ne ku buɗe da gayya, ku ɗau hoto, ku rubuta a littafin da aka ambata a amsar gudummawar gari, ku kai wa dagaci ya sa hannu. A fom na gaba akwai wurin da ake tambayar ayyukan da ƙungiya ta taɓa yi, nan za ku sa shi.